Sake ɗora tsarin aiki kan kwamfutoci da yawa ta netwok: ya kuke yi?

Mai Kula da Ɗaki: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗakin kwamfuta nake kula da shi, na'urori arba'in, kuma duk ƙarshen zangon karatu sai an goge su an sake ɗora Windows. Bin su ɗaya bayan ɗaya da filas ya ishe ni. Waɗanda suka taɓa yin aikin ta netwok, ku ba mu labarin yadda ta kaya.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ni FOG nake amfani da shi, manhaja ce ta kwafe faifan kwamfuta a ɗora wa wasu ta netwok, kuma kyauta ce. Nakan shirya kwamfuta guda tsaf, in ɗauki hoton faifanta (wato cikakken kwafinsa) zuwa saba, sauran kuma su tashi ta PXE, wato ta netwok maimakon daga faifansu, su karɓa. Inda aka fi shan wahala shi ne DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi a netwok. A saitinsa, zaɓi na 66 shi ke nuna adireshin sabar, na 67 kuma sunan fayil ɗin da na'ura za ta fara ɗauka ta TFTP, wata sassauƙar hanyar tura fayil. Masu tsohon tsarin tashi na BIOS fayil ɗin undionly.kpxe suke so, masu sabon tsarin UEFI kuwa ipxe.efi. Ka ba su fayil iri ɗaya, rabinsu za su tsaya cak suna kallonka.

Malama Z: Injiniya, ka tsallake Sysprep, kayan aikin Windows da ke goge bayanan da suka keɓanta da kwamfuta ɗaya. In ba a gudanar da shi kafin ɗaukar hoton ba, duk kwamfutocin da suna ɗaya da SID (lambar shaidar na'ura a Windows) ɗaya za su farka. Ni dai na bar harkar hoto gaba ɗaya. Na'urorinmu ba samfuri ɗaya ba ne, wannan da direbobinsa (manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura), wancan da nasa, ga hoton da kan tsufa cikin 'yan watanni. Yanzu fayil ɗin amsoshi nake rubutawa, wanda ke amsa tambayoyin ɗora tsarin aiki da kansa: unattend.xml ga Windows, preseed ga Debian, autoinstall ga Ubuntu tun daga 20.04. Ya fi jinkiri, gaskiya, amma in ana son sauyi layi biyu zan gyara a wuce wajen.

Injiniya: Haka ne Malama, sai dai ɗakin ɗalibai galibi iri ɗaya ake saye. A nan hoto ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Ɗan Netwok: Bari in sa baki. Clonezilla na sabar da FOG duka suna iya aika hoto ɗaya ga kowa a lokaci guda, wato multicast. A wani wurin da na yi aiki, suwic ɗinsu (na'urar da ke haɗa kebul ɗin netwok) ba a kunna masa IGMP snooping ba, wato saitin da ke sa ya kai bayanan ga masu buƙata kawai, sai ya riƙa watsa bayanan ga kowace kafa, har firintoci da wayoyin ofis suka shaƙe. Kuma kwamfuta ɗaya mai lalataccen kebul takan ja sauran baya. Ka ware ɗakin a VLAN ɗinsa tukuna, wato nasa keɓaɓɓen sashe na netwok.

Mai Kula da Ɗaki: Na gode ƙwarai. Matsalata ita ce ba ni da ikon taɓa DHCP ɗin makarantar.

Ɗan Netwok: To ka sa manhajar dnsmasq a matsayin proxyDHCP, wato mataimakin DHCP ɗin makarantar. Ba ya raba adireshi, bayanin tashi kawai yake ƙarawa. Ka duba Secure Boot ma, wato tsaron da ke tantance manhajar tashi, don yakan ƙi iPXE (manhajar tashi ta netwok) ɗin da ba shi da sa hannun dijital. In kana son ka tashe su daga kujerarka da dare, kunna Wake-on-LAN a kowacce, wannan kam sai ka zaga da ƙafarka sau ɗaya.