Abin da ke riƙe ma'aikaciyar jinya a bakin aiki

Bayan an tashi daga aikin safe, hira ta ɓarke a gabana tsakanin wasu ma'aikatan jinya kan abin da ke sa mutum ya ji daɗin aikin asibiti, da abin da ke sa ya fara neman hanyar Saudiyya ko Ingila.

Kuɗi aka fara ambata, ba mamaki. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗari naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi. Amma batun jadawalin aiki ne ya fi cin lokaci a hirar. Shawararsu ita ce a riƙa fitar da shi da wuri, kuma kada aikin dare ya yi ta faɗawa kan wadda ba ta da uwa a gindin murhu. Mai shayarwa a ce mata da La'asar ita ce da dare, ina za ta kai jaririn?

Wata babbar sista ta ja kunnen shugabannin ɗakunan majinyata: in ƙaramar ma'aikaciya ta yi kuskure, a ja ta gefe. Tsawa a gaban majinyaci da 'yan uwansa tana kashe gwiwa fiye da jinkirin albashi. A nan, ni ma na gyaɗa kai.

Sai kayan aiki. Wadda ta taɓa laluben jijiyar yaro da fitilar waya, babu safar hannu, ta san zafin. An kuma nemi a riƙa ba da hutun ƙaro karatu bi da bi, ba sai da sanayya ba.