Wai me ya haɗa mutanen Hartlepool da biri ne?

Ɗan_Fagge: Salam jama'a. Don Allah waɗanda suka san arewa maso gabashin Ingila ku fahimtar da ni, duk mai barkwancin da ya hau dandamali a yankin nan da ya ambaci Hartlepool sai a fashe da dariya ana maganar biri, kuma har ƴan garin ake dariyar da su. Tsokana ce ko cin mutunci?

Maman_Ilham: Wslm. Tsohuwar almara ce. Wai zamanin yaƙin Napoleon jirgin ruwan Faransa ya tarwatse a gaɓarsu, ba abin da ya tsira sai biri sanye da kakin soja, su kuma masuntan garin ba su taɓa ganin Bafaranshe ba balle biri, sai suka ce ɗan leƙen asiri ne, suka yi masa shari'a ya ƙi magana suka rataye shi. Maƙwabta suka laƙaba musu marataya biri. Ka ɗauke shi kamar wasan Kanawa da Zage-zagi.

Injiniya_Bk: Ai abin da ya burge ni karɓe sunan suka yi. Kulob ɗinsu Hartlepool United biri ne alamarsa, kuma mutumin da ke saka rigar birin a filin wasa, Stuart Drummond, ya tsaya takarar magajin gari a 2002 yana alƙawarin ayaba kyauta ga ƴan makaranta, ya ci, aka sake zaɓensa 2005 da 2009. Amma malam kar dariya ta rufe maka tarihin wajen, garin maƙera jiragen ruwa ne na gaske, kamfanin William Gray ya rufe 1962, daga baya aikin ƙarfe ma ya ja baya, iyayen waɗannan masu dariyar da kakanninsu su suka rasa aiki, shi ya sa in ɗan gari yana wasa da tashar jirgi da ta zama kango za ka ji mutane na dariya har da ƙwalla domin gidansu ake faɗa.

Ɗan_Fagge: To in baƙo ne ya yi fa?

Injiniya_Bk: Nan ake samun matsala. Dubi Grimsby, wani garin bakin teku a Ingila, a shekarun 1950 tana cikin manyan tashoshin kamun kifi na duniya, rigimar kifi da Iceland ta ƙare 1976 aka hana jiragensu shiga mil 200 na ruwan da ke kewaye da Iceland, sana'ar ta durƙushe. Da aka fitar da wani fim ɗin barkwanci a 2016 aka nuna su ƙazamai mashaya ransu ya ɓaci sosai, kuma wallahi ina bayansu, talaucin da ba kai ka jawo wa kanka ba a zo daga nesa a ci kuɗi da shi.

Maman_Ilham: Gaskiya ne Injiniya. Ɗan Fagge ka yi dariyarka ta biri ba mai jin haushi, amma maganar rashin aiki ka bar musu su fara.