Rubuta shirin yara na talabijin sana'a ce da mutum zai iya riƙewa kuwa?

Malamar Aji Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah tambaya gare ni. Ina koyarwa a wata firamare a ƙauye can wajen Ringim, kuma ina ɗan taɓa rubuta wasan kwaikwayo yara su yi ranar rabon kyaututtuka. Abin da ke ci min rai shi ne duk abin da yaranmu ke kallo ba don su aka yi shi ba, a kai memori shagon caji a turo fina-finan Indiya na fassara da na faɗa, sai ka ga yaron da ko firamare bai shiga ba ya cusa kai tsakanin yayyensa yana kallo. Shin akwai waɗanda aikinsu ke nan, rubuta shirin yara da shirya shi? Ta ina suka fara, ko dole sai wanda ya karanci aikin jarida?

Abu Safwan, Gezawa:
Wa alaikumussalam Malama. Akwai su mana, wadda ma na fi sanin tarihinta fannin koyarwa ta karanta kamar ke. Sunanta Joan Ganz Cooney, 'yar Amurka ce, an haife ta a 1929 a jihar Arizona, ta gama digiri a 1951 ta ɗan yi aikin jarida, daga baya ta koma New York tana shirya wa manya shirye-shirye a wata tashar talabijin ta ilimi. A 1966 wani jami'in gidauniyar Carnegie mai suna Lloyd Morrisett ya tambaye ta ko talabijin zai iya koyar da ƙananan yara, shi ne ta tashi ta bi malamai da masana tarbiyyar yara tana jin ta bakinsu, ta dawo ta rubuta rahoto. Rahoton nan shi ya haifi shirin yara na talabijin mai suna Sesame Street, aka fara nunawa ranar 10 ga Nuwamba 1969 bayan sun tara wajen dala miliyan 8, kuma 'ya'yan talakawa da ba sa samun shiga nazire su ta sa a gaba tun farko.

Amma ni abin da ya fi burge ni yadda suke gwada shirin ne. Sai su zaunar da yara gaban talabijin, a gefe kuma a kunna wani majigi yana canza hotuna duk bayan 'yan daƙiƙu don ya ɗauke musu hankali, wani na zaune yana lura, duk inda yaro ya juya kai ya bar shirin a rubuta, in an ga wuri ba ya riƙe yara a koma a gyara ko a cire shi. Da suka yi gwaji a Philadelphia kafin a fara nunawa sai suka ga da zarar manya sun tsaya suna hira su kaɗai hankalin yara ya tafi, sai 'yan tsana sun fito yake dawowa. Masana sun ba su shawara kar su haɗa mutane da 'yan tsana a wuri ɗaya, suka ajiye shawarar suka bi abin da yaran suka nuna musu. To Malama ke kina da aji guda a gabanki kullum, ki karanta musu abin da kika rubuta ki zuba ido ki ga inda suke fara tsokanar juna.

Maman Ikram, Birnin Kudu:
Ko nan gida ma ai an yi. Tales by Moonlight da NTA ta fara a 1984 mace ce ta ƙirƙiro shi, Victoria Ezeokoli, kuma ba wani abu ba ne illa tatsuniya, babba ta zauna yara sun kewaye ta. A 2011 aka kawo Sesame Square, wato Sesame Street irin na Najeriya, da 'yan tsanansa Kami da Zobi mai son doya, sannan ga katun ɗin Bino and Fino na Adamu Waziri a Abuja. Matsalar dai da turanci aka faro su, yaron ƙauyenmu kuwa hoto kawai zai kalla. Ni da za ki ji tawa 'yar uwa, ki fara da rediyo ko sautin murya a WhatsApp, don wuta ma yaushe rabonmu da ita balle talabijin. Kuma ki je wajen tsofaffin garinku ki naɗi tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi daga bakinsu har da waƙoƙin ciki, wallahi waƙoƙin nan su ne suke fara ɓata, yanzu yara da yawa in ka ce ga ta nan ga ta nanku ba su san me za su amsa ba.

Tsohon Mai Kyamara:
'Yata bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki, na yi aiki a wani gidan talabijin har na yi ritaya. Marubuci daban furodusa daban. Marubuci nasa labari da zance da waƙa, shi kuwa furodusa shi ke neman kuɗi da lokacin da tasha za ta sa shirin, ya tara yara, ya nemi izinin iyayensu, ya samo mota da abin da za su ci, in yaro ya fashe da kuka ana tsakar ɗauka shi za a kalla. A nan Arewa yawanci mutum ɗaya ke ɗaukar duka biyun. Kuma gaskiya shirin yara shi ne marayan tasha, masu talla sun fi son wasan manya da shirin siyasa, in kuɗi ya yi ƙasa shi ake fara yankewa, na gani da idona kuma har yau abin yana min ciwo. Saboda haka kar ki ajiye aikin koyarwarki. In kina son karatun akwai sashen wasan kwaikwayo da na aikin jarida a BUK, akwai kwalejin talabijin ta NTA a Jos, amma ba sharaɗi ba ne.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kar ki mai da shirin wa'azi daga farko har ƙarshe, nan ne namu suke faɗuwa, a jera yara suna haddar nasiha da kalmomin da ko ma'anarsu ba su sani ba. Minti 5 ya isa, darasi ɗaya tak, ko wanke hannu ko ƙirga ɗaya zuwa goma, a maimaita shi cikin waƙa, a bar Gizo ya yi wautarsa yara su yi dariya su gano da kansu. In kin haɗa kamar guda shida ki kai ARTV a Kano ko gidan rediyon Jigawa a Dutse, sun fi sauraron wanda ya zo da abu a hannu.

Malamar Aji Uku:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba in sha Allah ba zan bar aikin ba. Zan fara da ta wanke hannu a waya, akwai wata Inna a unguwarmu da ta iya tatsuniya sosai zan je wajenta ranar Juma'a da yamma. Izinin iyayen nan a rubuce ake karɓa, ko in na bi ta wajen hedimasta da mai unguwa ya wadatar?

Tsohon Mai Kyamara:
Ki bi ta wajensu tukuna, amma kowane uba ya sa hannu ko ya dangwala a takarda, musamman in fuskar yaro za ta fito. Ki ajiye kwafi ɗaya a ofishin hedimasta ɗaya a wajenki.