Taron zaman lafiya yana kashe wuta, ko toka kawai yake rufe ta da ita?

Ɗan Sawaba: Salamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina taron zaman lafiyar da ake kira bayan kowace tarzoma ba ya hana ta gaba. Ranar 22 ga Agustan 2002 shugabannin addini 22, Musulmi 11 da Kirista 11, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Bayan wata uku kacal rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke, aka rasa sama da mutum 200. A Maris ɗin 2016 wakilan al'ummomi 29 na kudancin Kaduna suka sa hannu a Kafanchan, shekarar ba ta fita ba sai da aka zubar da jini a Godogodo da Goska. Muddin wanda ya yi kisa yana yawo, wanda aka ƙona wa shago bai ga ko sisi ba, taro cin shinkafa ne da ɗaukar hoto.

Malama Mai Sulhu: Wa alaikumus salam, Malam. Ka haɗa abu biyu ne: bikin sa hannu daban, aikin sulhu daban. Ba a fara sulhu da haɗa ɓangarori a ɗaki ɗaya. Kowane ɓangare ake fara zama da shi shi kaɗai, sau biyu ko uku, ya amayar da abin da ke cikinsa, a rubuta ƙorafinsa, shi da kansa ya zaɓi masu magana da yawunsa. Sannan a kai wa kowa takardar ƙorafin ɗaya ɓangaren ya karanta a gida, don kada ya fara jin zargin a bainar jama'a ya harzuƙa. Ranar haɗuwa kada a wuce mutum 25 zuwa 30. Da an kai ɗari, kowa jawabi yake yi wa mutanensa, ba ya magana da na gabansa. Kuma a cire babban tebur. Da zarar shugaban ƙaramar hukuma ya zauna a sama, awa biyu za su tafi a gaishe-gaishe, ya yi jawabi ya tafi, rabin zauren ya bi shi.

Ɗan Sawaba: Na ji, Malama. To me ya sa cikin garin Kaduna ya lafa bayan 2002? Ba don addu'ar buɗe taro ba ne. Tun rikicin 2000 mutane suka rabu, Musulmi suka tattara a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista suka koma hayin kogi, su Sabon Tasha da Television. Sannan Makarfi ya ƙirƙiro sabbin masarautu a kudanci, ya tsara kotunan shari'a da na gargajiya kowa da tasa. Wannan taɓa mulki ne. Jam'iyyar NEPU tun 1950 abin da take faɗa ke nan, talaka haƙƙinsa yake nema. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, haraji da jangali ta soke, ba ta kira taron fahimtar juna tsakanin talaka da mai karɓar haraji ba.

Baba Mai Unguwa: Ɗana, rabuwar unguwanni da kake kira lafawa ita ce babbar asarar. Yaron da ya tashi bai taɓa cin tuwon maƙwabci mai wani addini ba, duk abin da aka faɗa masa a waya yarda zai yi. Amfanin taro a wurina abu ɗaya ne: lambar waya. A tashi da sunayen mutum biyar daga kowane ɓangare, liman, fasto, shugaban matasa, shugabar mata, shugaban 'yan acaɓa ko mahauta, da lambar baturen 'yan sandan yankin. Ƙa'ida ita ce in labari ya zo cewa an kashe wani, mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, su je wurin tare su gani da ido kafin kowa ya taɓa lasifika. Yawancin ramuwar gayya a awannin farko ake yin ta, kafin a san gaskiyar abin da ya faru. Inda abin ke lalacewa, a rubuta sunan mai kuɗin unguwa wanda ke kashe waya ƙarfe goma na dare, a bar mai shayin da samari ke kwana a teburinsa.

Barista: Allah ya ƙara girma, Baba. Amma ta fuskar doka Ɗan Sawaba yana da gaskiya. Jos kaɗai ta ga kwamitin Mai Shari'a Fiberesima a 1994, na Niki Tobi bayan 2001, na Bola Ajibola bayan 2008. Rahoto kan rahoto, waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba. Kuskuren da masu shirya taro ke yi shi ne su zuba komai cikin “a yafi juna”. Ɓarnar gona, rikicin rumfar kasuwa, iyakar fili, ƙarar lasifika, waɗannan ana sasanta su. Kisa da ƙone gida laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma, mai unguwa ba shi da ikon yafe su a madadin marayu. Takardar bayan taro ta raba su gida biyu a fili. Kowane sashe kuma ya amsa tambaya uku: wa zai yi, zuwa wace rana, wa zai bincika an yi. “An yi kira ga gwamnati” ba alƙawari ba ne, ba wanda za ka kama da shi.

Af, game da masu cewa sai da izinin 'yan sanda: Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke tun 2007, a shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP, cewa sharaɗin neman izini ya saɓa wa tsarin mulki, sashe na 40 ya ba kowa 'yancin taro. Sanarwa ake kai musu a rubuce, a karɓi kwafi mai hatimi a riƙe.

Mama Kafanchan: Barista, bari in ƙara abin da ku maza kuke mantawa. Wurin taro kansa magana ne. Fada ta wani ce, masallaci da coci ma haka. Ajin makarantar firamare ta gwamnati ya fi, a jera benci a zagaye. Kada a sa Juma'a da rana, ko Lahadi da safe, ko ranar kasuwa. Harshe ma haka: a kudancin Kaduna kowa na jin Hausa, amma tsohuwar da aka kashe wa ɗa da Tyap ko Jju za ta fi faɗin abin da ke ranta, Bafulatana kuma da Fulatanci. A nemo tafinta biyu, kowane ɓangare ya kawo nasa, don ɗaya ya riƙa gyara ɗaya. Mata kuma a fara ba su zamansu, 'yan zumuntar mata na coci da 'yan FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi, don a gaban surukai ba za su buɗe baki ba, alhali su ne suka san ɗan wa bai kwana gida ba.

Ɗan Sawaba: Mama, duk na yarda. Amma kuɗin mota fa? Shi ya haifar da 'yan sana'ar halartar taro, fuskoki ɗaya a kowane otal.

Malama Mai Sulhu: Nan kam ba musu. Maganinsa a yi taron a cikin unguwa inda za a zo da ƙafa, wanda ya taso daga ruga ko ƙauye a biya shi daidai kuɗin motarsa, ba ambulan ba. Amma kada ka manta da Yelwan Shandam. Bayan kashe-kashen 2004 har dokar ta-ɓaci Obasanjo ya sa a Filato, soja suka tsare hanya, duk da haka sai da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka yi ta zama da ɓangarorin kafin a sa hannu a 2005. Soja na hana harbi, ba ya sa mace ta koma kasuwar da aka kashe mijinta.

Ɗan Maraɗi: 'Yan uwa, ku leƙo Nijar. Bayan kisan Toda na 1991 a jihar Maraɗi, inda aka hallaka sama da mutum ɗari, dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye tun daga gari har gunduma, da mai gari da wakilan manoma da makiyaya da mata a ciki. Ana shata burtali a kafa masa alama, hukuma kuma na sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara. In dabba ta yi ɓarna, a je a auna wurin da igiya tun sawu bai ɓace ba, a rubuta takardar sasantawa kowa ya sa hannu. Zama ne shi ma, sai dai doka ta tsaya masa. Matsalarsa rashin kuɗin aiki, da masu hali da ke cinye burtalin.

Ɗan Ardo: Gaskiya ne, amma ku lura da wannan. Ardon da ake gayyata yana da iko ne a kan mazauna kawai. Garken da ya ratso da dare ya wuce, ardon bai san mai shi ba, washegari kuma rugar ardon ake ƙonawa. In yarjejeniya ba ta ce baƙon makiyayi ya sauka ta hannun ardo a rubuta sunansa da yawan shanunsa ba, an ɗora wa mutum laifin da ba zai iya hanawa ba. Kuma taron ƙarfe goma na safe ba na makiyayi ba ne, yana daji. Dattijo za ku samu, ba yaron da ke riƙe da sanda ba.

Ɗan Sawaba: To Barista, a ce an rubuta wa zai yi da ranar da zai yi, ranar ta zo shugaban ƙaramar hukuma bai biya diyyar ba. Sai me?

Barista: Sai a sake kiran zama bayan kwana 30, a karanta sashen da sunansa a gaban jama'a, a kai kwafi Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna da gidan rediyo. Tilasta shi a kotu kuwa da wuya, sai in an shigar da yarjejeniyar gaban alƙali ta zama hukuncin da ɓangarori suka amince da shi. Kafin a tashi ranar farko ya kamata a tambayi shugaban, a gaban kowa, ko ya yarda a yi hakan.