Kafin Babban Ma'aikaci Ya Tafi Da Abin Da Ke Kansa

A hirar da muka yi da wasu ma'aikatan gwamnati, tsofaffi da sababbi, maganar da ta fi ɗaukar lokaci ita ce ta ritaya. Dokar aikin gwamnati a Najeriya ta ce a yi ritaya bayan shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Ranar sananniya ce tun da wuri, amma sai mutum ya tattara ya tafi, ya bar takardar miƙa aiki shafi biyu kacal. Shawarar da aka fi yarda da ita: a haɗa shi da matashin da zai gaje shi tun saura shekara guda, su riƙa duba fayil tare, yana nuna masa dalilin kowace sa hannu. Wani dattijo ya ƙara da cewa a rubuta har sunayen ofisoshin da takarda kan maƙale.

An kuma taɓo masu zuwa kwas a ASCON, kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati da ke Badagry. Duk wanda ya dawo, ya zauna da abokan aikinsa ko na awa ɗaya ne, kada takardar shaida kawai ta shiga fayil.

Masu ɓoye sani don kada a ture su fa? Nan aka ɗan yi gardama. Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa laifin shugabanni ne da ke barin a ajiye sababbi a gefe: sabon ma'aikaci mai matakin albashi na 08 da aka ajiye shekara biyu yana karatun jarida, ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba, da wuya ya riƙa zuwa ofis da wuri.