Neman shawara: in ba da Jokic in karɓi Trae Young da Sabonis?

Na Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu goma ne muke buga gasar fantasi ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wadda kowa ke zaɓar 'yan wasansa ana lissafa abin da suka yi a fili ta ɓangare tara, daga maki da ribawun (kwaso ƙwallon da aka jefa ba ta shiga ba) da asis (miƙa wa wani ƙwallon da ya ci maki da ita) har zuwa zubar da ƙwallo. Ina da Nikola Jokic. Abokina ya ce in ba shi shi, ya ba ni Trae Young da Domantas Sabonis. Na duba alƙaluman kakar 2024/25: Jokic na cin maki 29.6 a wasa, su biyun a haɗe sun wuce 43. Trae ne ya fi kowa asis a gasar, 11.6, Sabonis kuma ya fi kowa ribawun, 13.9. Ga shi ba ni da gad (ɗan wasan da ke riƙe ƙwallo daga nesa da kwando) mai tsara wasa na kirki. Kwana uku ke nan abin na damuna. Biyu masu daraja ta biyu sun fi gwani ɗaya?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Lissafinka akwai gyara. Mutum biyu ka ɗora a kan ɗaya, alhali gurbin da ke ƙungiyarka ƙidayayye ne. In ka karɓi biyu, dole ka sallami wani don samar da wuri. Don haka abin da za ka auna shi ne Jokic tare da wanda za ka sallama, a kan Trae da Sabonis. A gasar mutum goma, ko na ƙarshen bencinka ɗan wasa ne da ke buga mintuna masu yawa a ƙungiyarsa. Ka ƙara nasa a kan na Jokic, za ka ga ratar makin ta kusa rufewa. Sannan Trae na zubar da ƙwallo 4.7 a wasa, jifansa kashi 41 cikin ɗari ke shiga, na Jokic ya haura 57. Ɓangare biyu ke nan ka raunana da hannunka.

Koci:
Baban Khalifa ya faɗi gaskiya, amma bari in zo ta wajen matsayi, don a nan maganar take. Darajar ɗan wasa ita ce nisan da ke tsakaninsa da wanda zai maye gurbinsa a matsayi ɗaya. Ɗauki gad. A kakar 2024/25 Shai Gilgeous-Alexander ne a sama, maki 32.7, shi ya ci MVP, wato gwarzon ɗan wasan gasar, na 2025. To a bayansa fa? Anthony Edwards 27.6, Cade Cunningham 26.1 da asis 9.1, Jalen Brunson 26, Devin Booker 25.6. Layi ne mai tsawo. In ka rasa na farko, na biyar ma zai riƙe ka.

Yanzu koma santa, wato dogon ɗan wasan da ke tsayawa kusa da kwando. Masu kwaso ribawun goma suna nan, ba su da wahalar samu. Abin da babu shi ne santan da zai ba ka asis 10.2 da ribawun 12.7 a lokaci guda. Jokic ne santa na farko a tarihin NBA da ya kammala kaka da matsakaicin goma ko fiye a maki, ribawun da asis. Sabonis, wanda shi ne ya fi kama da shi a salo, asis 6 ya bayar a wasa a kakar 2024/25. Ka ga Jokic yana yi maka aikin mai tsara wasa daga gurbin santa, gurbin gad ɗinka kuma yana nan a buɗe ka sa wani. Ni da nake koyar da yara a fili, samun dogon yaro mai ganin fili kamar haka shi ne abu mafi wuya. Gajeru masu iya jifa kullum suna zuwa.

'Yar Damagaram:
Malam Koci, ban musa ba, amma ku tuna da rauni. Ni Joel Embiid na dogara da shi, ɗan Kamaru da ya ci MVP a 2023. Kakar da ta biyo baya wasa 39 ya buga, ta bayanta 19. Ƙungiyata ta rushe gaba ɗaya don komai a kansa na ɗora. Victor Wembanyama ma, yana tsaka da bulok (tare jifan abokin hamayya) 3.8 a wasa, gudan jini a kafaɗa ya tsayar da shi a Fabrairun 2025 bayan wasa 46. Mai 'yan wasa biyu in ɗaya ya faɗi, ɗaya na tsaye. Wannan ma daraja ce, a sa ta a ma'auni.

Koci:
Haka ne 'yar uwa, maganarki na kan hanya ga Embiid, don tarihin gwiwarsa sananne ne. Jokic kuwa a kakarsa goma ta farko bai taɓa buga ƙasa da wasa 69 ba. Ba duk gwani ake yi wa kuɗin goro ba. Da a ce Giannis Antetokounmpo ne ma da na ce a saurari tayin, saboda jifan kyautarsa da bai kai kashi 62 ba a kakar 2024/25 yana kashe maka ɓangare guda kowane mako.

Na Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Baban Khalifa, na yi lissafin yadda ka ce, wallahi ratar ta ragu sosai. Amma matsalar gad ɗin tana nan. Ya zan yi da ita?

Baban Khalifa:
Kana da santa na biyu ko fowad (ɗan wasan da ke tsakanin gad da santa) mai kwaso ribawun? Shi za ka miƙa, ɗaya da ɗaya, ga wanda gad suka yi wa yawa. A cikin mutum goma ba za a rasa mai huɗu ko biyar ba. Turo min jerin 'yan wasanka da na sauran tara yau da daddare in duba maka wa ya kamata ka fara tuntuɓa.