"Ido wa ka raina?" da littafin da ya gagare ni shekara biyu

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman haske kan karin maganar nan: "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." Shekara biyu ke nan da na sayi littafin labari War and Peace na marubucin Rasha Leo Tolstoy wajen masu baza tsofaffin littattafai a Ojuelegba. Shafi sama da 1,200, kauri kamar bulo. Abokina ya kawo mini wannan karin magana, ya ce in ajiye littafin inda zan riƙa ganinsa kullum, ido zai raina shi. Na ɗora shi kusa da katifata. Da shi nake kwana, da shi nake tashi, har bangonsa ya lanƙwashe saboda danshin Legas, amma in na buɗe shi gabana faɗuwa yake yi. Sau uku ina farawa, ban taɓa wuce shafi 30 ba. Abin yana ci mini rai, don ina son in karanta shi. Karin maganar ce ba ta hau nan ba, ko ni ne ban gane ta ba?

Baba na Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abokinka ya kai magana inda ba gidanta ba. Wannan jan kunne ne da ake yi wa babba, kada ya mayar da kansa abin gani kullum a cikin yara har girmansa ya zube. Raini ba abin nema ba ne. Littafin da mutum ya yi shekaru yana rubutawa, matarsa Sofiya tana kwafe shi da hannu, ya fito a 1869 kuma har yau ana karanta shi, da wane baki za ka raina shi? Taka karin maganar ita ce hangen Dala ba shiga birni ba.

Hajiya ta Obalende:
Baba, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa zan ɗan saɓa. Ni a gidanmu raini iri biyu na ji ana faɗa. Akwai na wulaƙanci, akwai kuma wanda kwarjinin abu ke gushewa daga zuciyarka. Ranar da aka fara tsallakawa da ni gadar Third Mainland, rufe ido na yi ina salati, ruwa dama ruwa hagu, gada ta ƙi ƙarewa. Yau a kanta nake lissafin kuɗin atamfa cikin danfo. Ban wulaƙanta gadar ba, har yanzu addu'a nake in za mu hau. Tsoron ne ya tafi. Sai dai ƙanina, ni hawa gadar nake yi yau da gobe, ba tsayawa nake a bakin ruwa ina kallonta ba. Kai bangon littafi kake gani kullum, to bangon ka raina, shi ya sa ka bar shi ya lanƙwashe.

Malamin Sakandare, Mushin:
Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Ni na karanta shi, kuma na san dalilin da ya sa shafi 30 ɗin farko ke korar mutane. Labarin yana buɗewa ne a wata liyafar dare ta manyan gari a birnin Pitasbag a 1805, baƙi suna ta shigowa, ga Faransanci a bakinsu, domin a lokacin manyan Rasha da shi suke hira. Duba fassarar da ke hannunka. Ta Pevear da Volokhonsky ta bar Faransancin yadda yake, ta sa ma'anarsa a ƙasan shafi, ido ya yi ta hawa da sauka. Ta Louise da Aylmer Maude, a tsofaffin bugu, ta juya kusan duka zuwa Turanci.

Sai sunaye, kuma nan ne nake ganin Bahaushe bai kamata ya firgita ba. Mu da mutum ɗaya ke da sunan yanka, da na rana, da laƙabin da kakarsa ta sa masa, da wanda matarsa ke sakayawa da shi? Haka suke. Natasha ita ce Natalya, ita ce Ilyinichna, wato 'yar Ilya, ita ce Rostova ta gidan Rostov. Mutanen littafin sun haura 500, amma gida biyar ne ke riƙe da labarin: Bezukhov, Bolkonsky, Rostov, Kuragin, Drubetskoy. Na rubuta su a bayan katin ɗaurin aure, shi ne alamar shafina har na gama. Kuma babobinsa gajeru ne, sun haura 360, yawanci shafi uku zuwa biyar. Babi ɗaya kullum, shekara guda ka sauke.

Baba na Idi-Araba:
To Malam, ai karatun zaure ka kwatanta. Haka muka ɗauki Muhtasar, layi kaɗan bayan asuba, a biya, a dawo gobe. Ba wanda ya taɓa miƙa mana littafi ya ce mu haɗiye. Hajiya, na yarda da ke a kan ma'anar gani. Amma kalmar ban sake ta ba. Abin da kika samu da gada sabo ne. Na shekara ina biya Muhtasar, na saba da shi, ban taɓa raina shi ba.

'Yar Jami'a, Akoka:
Ina bayan Baba, kuma ga dalilina. Na yi watanni a cikinsa, na wuce yaƙin Ostalits inda Andrei na gidan Bolkonsky ke kwance da rauni yana kallon sararin sama, na wuce yaƙin Borodino da ƙonewar Mosko a 1812, na ɗauka na gama da tsoro. Sai can ƙarshe Tolstoy ya ajiye labari gefe ya shiga doguwar muhawara kan abin da ke juya tarihi, ko Napoliyon ne ko ɗimbin talakawan da ba a san sunansu ba. Wallahi gabana ya sake faɗuwa kamar ranar farko. Da ido ya raina, da hakan ba ta faru ba. Yaya, kada ka jira tsoron ya tafi kafin ka fara.

Hajiya ta Obalende:
'Yata, ai ko gadar ma ranar da aka yi hadari da iska zuciyata bugawa take. Wannan bai ƙaryata karin maganar ba.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kwana goma sha biyu ke nan ina shiga jirgin ƙasa da shi daga Agege zuwa Oyingbo, babi biyu a tafiya, wani lokaci ɗaya a dawowa in na samu wurin zama. Sunayen suna bayan rasit. Yanzu ina wurin da tsohon Bezukhov ke gargarar mutuwa, dangi suna kokawa a kan jakar da wasiyya take ciki, Piya kuma, ɗansa da aka haifa ba ta hanyar aure ba, yana tsaye bai san abin da ake ƙullawa ba. Na taɓa ganin irin wannan rana da idona a wani gida, shi ya sa jiya na kusa wuce tashata. Baba, na naɗe bangon da takardar kalanda. Malam, Anna biyu nake gani tun farko, Pavlovna da Mikhailovna, wacce ce uwar Boris?

Malamin Sakandare, Mushin:
Mikhailovna. Rubuta ta ƙarƙashin Drubetskoy, za ka daɗe tare da ita.